Na sayi babur ɗin gudu ban faɗi gaskiyar kuɗinsa ba, yanzu matata ta ce ko ita ko filin tsere

Assalamu alaikum, Yaya mai ba da shawara. Ni magidanci ne ɗan shekara 32, haifaffen Agege a nan Legas, kuma ina aikin fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Ina da mata da 'ya ɗaya mai shekara biyu. Tun ina yaro nake hawan babur, har na yi acaɓa da Boxer na shekara uku kafin Allah ya buɗa mini wata hanyar. Wata huɗu da suka wuce na sayi babur ɗin gudu, tokumbo, mai cc 600 (ma'aunin girman inji ke nan), wanda na daɗe ina burinsa. Rabin kuɗin kawai na faɗa wa matata, sauran kuwa na ɗebo ne daga abin da muke tarawa don sayen fili a Ikorodu, kuma har yau ba ta sani ba. Kowace Lahadi bayan sallar asuba nakan fita da abokai mu bi hanyar Lekki zuwa Epe, kuma ba zan ɓoye maka ba, na taɓa ganin 170 a agogon babur ɗin. Akwai ranar da saura ƙiris in shige bayan wata danfo da ta tsaya ba zato. Yanzu abokan sun ce mu je filin tsere da ke Jihar Edo, inda ake buɗe wa masu koyo su yi gudu ba mota, ba mai tsallaka titi. Ni a ganina wannan ya fi abin da nake yi aminci. Amma matata ta ce ranar da na tafi in tarar da ita a gidan iyayenta. Mahaifiyata kuma, wadda ƙaninta ya rasu a hatsarin acaɓa, ta ce ba ta hana ni ba, sai dai zuciyarta ba ta kwanta ba. Ba na son in rasa zaman lafiyar gidana, kuma ba na son in bar abin da raina yake so. Yaya zan yi?

Ƙaninka, daga Agege

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma zan fara da wurin da kake da gaskiya, domin na lura ka gaji da jin cewa komai naka kuskure ne. Filin tsere da aka tsara shi yadda ya kamata ya fi titi aminci ga mai son gudu, kuma wannan ba ruɗin abokai ba ne. A fili kowa hanya ɗaya ya dosa, babu danfo mai tsayawa inda ta ga fasinja, babu tirela mai juyawa a tsakiyar hanya, babu mai talla ko akuya, kuma a gefen kwana akwai sarari inda wanda ya zame zai gangara ya tsaya, maimakon ya haɗu da sandar fitila ko bakin kwata. Sha'awar da kake ji ma ba cuta ba ce. Mu mutane ne da suka gaji sukuwa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili ranar hawan sallah ya san cewa son gudu a kan abin hawa tsohon abu ne a jininmu.

Sai dai hujjar taka tana da sharaɗi, kuma a wasiƙarka ban ga ka ambace shi ba. Fili yana rage haɗari ne ga mutumin da ya mayar da gudunsa can, ya bar shi a titi. Idan za ka je Edo sau biyu ko uku a shekara, sannan kowace Lahadi ka ci gaba da neman 170 a hanyar Epe, to ba ka rage komai ba, ƙari ma ka yi, domin za ka dawo titi da ƙarfin zuciyar da ka samo a inda babu mota. Ka yi wannan lissafin da kanka. Wanda yake gudun kilomita 170 a sa'a yana cinye kusan mita 47 a kowace daƙiƙa, wato kafin idonka ya ga danfo ta tsaya, ƙwaƙwalwarka ta fahimta, yatsunka su kai ga birki, ka riga ka shafe kusan rabin filin ƙwallo ba tare da gudun ya ragu ko kaɗan ba. Kuma nisan da birki yake buƙata ba ya ninkuwa daidai da gudu: idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkuwa huɗu yake yi. Ranar danfo ɗin nan ba gwanintarka ce ta cece ka ba, sauran kwana ne.

Yanzu mu zo kan matarka, domin a nan ne ainihin matsalar take, ba a Edo ba. Kai kana kallon babur ne daga kan sirdinsa, ita kuwa daga tagar ɗaki take kallonsa. Ka ƙaddara safiyar Lahadi yadda take same ta: ta ji ka tayar da injin gari bai gama wayewa ba, ƙarar ta ratsa layin ta ɓace, ta koma ta kwanta kusa da yarinya amma barcin ya ƙi zuwa, ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi, wayarta tana hannunta, kuma duk lambar da ba ta sani ba idan ta kira sai gabanta ya faɗi kafin ta ɗauka. Wata huɗu ke nan tana wannan zaman ita kaɗai. Saboda haka da ta ce za ta tafi gidansu, ba filin tsere take faɗa da shi ba, domin ba ta ma san kamanninsa ba. Ta ji kalmar tsere ne a kan tsoron da ya riga ya cika mata ciki. Ban goyi bayan mace ta riƙa jingina aurenta da kowace gardama ba, kuma idan da ita ce ta rubuto mini da na faɗa mata haka, amma mutum yakan kai ga irin wannan furuci ne idan ya ga maganarsa ta lalama ba ta shiga.

Sannan ga batun kuɗin filin Ikorodu. Ƙanena, wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk wasiƙarka, kuma ka ratsa shi da jimla ɗaya kamar ba komai ba. Kuɗin da kuka tara tare amana ce, ko da kai ne ka samo mafi yawansa, domin ita ma ta tara nata ta hanyar haƙuri da abubuwan da ta so ta fasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata rana dillalin fili zai kira, ko ta tambayi nawa ya rage, ko matar wani abokinka ta faɗi farashin irin babur ɗin a wurin suna. Idan ta ji daga bakin wani, duk bayanin da ka taɓa yi mata a kan aminci da kayan kariya zai zube, domin za ta ce wanda ya rage mata kuɗin babur zai iya rage mata haɗarinsa. Don haka matakin farko, tun kafin a sake ambaton Edo a gidanku, shi ne ka zaunar da ita a lokacin da babu fushi, ka faɗa mata ainihin adadin, ka nemi afuwarta ba tare da kawo uzuri ba, ka kuma nuna mata a rubuce nawa za ka riƙa mayarwa duk wata da lokacin da ramin zai cike. Kada ka haɗa wannan zaman da roƙon izinin tafiya. Idan ka haɗa su za ta ga tubar ma ciniki ce. Ka yi tsammanin fushi na kwanaki, ka kuma jure shi, domin haƙƙinta ne.

Akwai hanyar da za ta sauƙaƙa maka mayar da kuɗin, kuma ita ce dai shawarar da zan ba ka ko da babu matsalar kuɗi: ka sayar da wannan babur ɗin ka sayi ƙarami. Na san wannan zai yi maka ɗaci, kuma na san za ka ce ka shekara uku kana acaɓa. Acaɓa ta koya maka abubuwa masu daraja, musamman karanta niyyar direba tun kafin ya juya sitiyari, amma Boxer mai cc 100 ƙarfinta bai wuce na doki takwas ko kusa da haka ba, alhali babur ɗin gudu mai cc 600, irin su Yamaha R6 da Honda CBR600RR, ya haura ƙarfin doki ɗari. Hannun da ya saba murɗa totur har ƙarshe a kan Boxer ba tare da wani abu ya faru ba, shi ne hannun da zai jefar da mai shi a tsakiyar kwana a kan 600. Haka ƙafar da ta saba dogaro da birkin baya, alhali a babur ɗin gudu birkin gaba ne yake yin mafi yawan aikin tsayawa. Akwai baburan gudu na masu koyo, kamar Yamaha R3 mai cc 321, da KTM RC 390, da Kawasaki Ninja 400, waɗanda ƙarfinsu yake tsakanin doki arba'in da hamsin. Siffarsu ta tsere ce, gudunsu ya ishi mai koyo har ya yi yawa, tayoyinsu da gyaransu sun fi araha, kuma suna yafe kuskuren da babba ba ya yafewa. Dukkansu sun haura cc 200 da dokar zirga-zirgar Legas ta 2012 ta gindaya wa baburan da za su hau manyan hanyoyi.

Idan kana jin kunyar abokai za su ce ka koma baya, ka tuna cewa waɗanda duniya ta sallama wa a wannan fage daga ƙasa suka faro. Valentino Rossi ya ci gasar duniya a ajin cc 125 a 1997, ya ci ta cc 250 a 1999, sannan ya ci ta manya a 2001. Marc Márquez ma sai da ya ci ajin cc 125 a 2010 da aji na tsakiya a 2012 kafin ya ɗauki kambin MotoGP, wato ajin manya, a 2013. A gidajen masu doki ma ba a ɗora yaro a kan ingarma ranar farko a ce ya yi sukuwa, sai ya daɗe yana kilisa. Na taɓa tsayawa a bakin irin wannan fili ina kallo, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani dattijo mai furfura a kan ƙaramin babur. A miƙaƙƙiyar hanya wani matashi mai babban babur yakan wuce shi kamar yana tsaye, amma da an iso kwana sai matashin ya daskare, ya danne birki, kafaɗunsa su ɗage har kunne, dattijon kuwa ya kwanta a hankali ya zagaye shi ya fice. Haka suka yi ta yi har aka ɗaga tutar tashi, kuma da suka cire hulunansu matashin ne ya je wurin dattijon yana tambaya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ake nufi da ranar buɗe fili, domin ina zaton kai ma ba ka gama fahimtarsa ba, balle matarka. Ba gasa ba ce, babu kofi, babu na ɗaya. A inda aka san aiki, ana raba mahaya rukuni-rukuni bisa gwaninta, masu koyo su fita su kaɗai na kimanin minti 15 zuwa 20, su huta wasu su shiga, kuma zagayen farko sukan bi bayan malami ne don su ga layin da ake bi. Da safe akwai taron bayani wanda ba a yafe wa kowa, inda ake faɗin ma'anar tutoci: rawaya tana nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu kuma kada a wuce kowa, ja tana nufin an dakatar da zagayen, kowa ya koma, baƙa idan an nuna maka ita kai kaɗai ake kira ka fito. Ana cire madubai ko a rufe su da salatif tare da fitilu, saboda gilashi kada ya tarwatse a hanya, kuma don mai koyo ya daina waiwaye, domin nauyin wucewa lafiya yana kan wanda yake baya. Kafin ka biya ko sisi, ka kira masu shirya ranar a filin na Edo da ke Evbuobanosa, ko duk inda za a yi, ka tambaye su dalla-dalla: akwai rukunin masu koyo daban, akwai malami, akwai masu tuta a kwanoni, akwai motar ɗaukar marasa lafiya da ma'aikatanta tun daga buɗewa har rufewa, kuma wane asibiti ne mafi kusa da zai iya karɓar mai karaya. Idan amsar ɗaya daga cikin waɗannan ta zo da kame-kame, ka zauna a gida, ko da abokanka duka sun tafi.

Kayan kariya kuwa ba wurin tsumi ba ne, kuma a kasuwanninmu jabu ya fi na gaske yawa. Hular kwano mai rufe fuska duka, sabuwa, mai hatimin gwaji na gaskiya irin ECE 22.06 ko 22.05, wadda ta kama kanka ba ta lilo. Kada ka sayi ta hannu, domin hular da ta taɓa bugun ƙasa tana iya lalacewa ta ciki alhali wajenta yana ƙyalli. Sai rigar fata da wandonta masu haɗewa da zif, da farantin kare ƙashin baya, da safar hannu ta fata mai rufe wuyan hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Da zafin ƙasarmu za ka jiƙe sharkaf a cikinsu, saboda haka ruwan sha ya zama a kusa da kai bayan kowane zagaye, kuma idan ka ji hankalinka ya fara rarrabuwa da rana, ka bar zagayen ƙarshe. Gajiya ce takan kayar da mai koyo da yamma. Babur ɗin ma, tun da tokumbo ne, bakanike ya duba shi sosai. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma tayar da ta tsufa ta bushe ba ta kama kwalta ko da zanenta bai cinye ba. A canza man birki, domin yana tsotsar danshi, danshin Legas kuwa ka san shi, kuma man da ya sha ruwa yakan tafasa idan birki ya yi zafi, ka matsa hannu ka ji wayam. A duba kaca da ɗigar mai. Kuma kada ka hau shi daga Legas zuwa can. Tafiyar ta haura kilomita 300 ta Shagamu da Ore zuwa Benin, ku haɗa kuɗi ku ɗora baburan a mota, domin kada ka isa a gajiye, kuma wanda ya faɗi a fili ba shi da abin komawa gida.

A cikin filin, abu biyu nake so ka riƙe. Na farko, babur yana bin inda idonka ya kalla ne, don haka idan tsoro ya kama ka a kwana ka ƙura wa ciyawar gefe ido, can za ka nufa. Ka tilasta wa kanka kallon mafitar kwanar. Na biyu, zagaye biyun farko na kowace fita na ɗumama taya ne, kuma duk wanda ya wuce ka ka bar shi ya tafi. Abokan da suka girme ka a wannan harka su ne babban haɗarinka a ranar, ba don mugunta ba, sai don zuciyarka za ta so ta bi su.

Ba zan ce maka fili ba ya cin mutum ba. Márquez ɗin da na ambata, duk da gwanintarsa da kayansa, ya karya damtsen hannunsa na dama a Jerez ta ƙasar Sifen a watan Yulin 2020, kuma ya sha tiyata fiye da sau ɗaya kafin ya dawo daidai. Mai koyo ma yana iya komawa gida da karyayyen ƙashin wuya ko na hannu. Kai kuma aikinka na zirga-zirga ne a Apapa, ranar da ba ka fita ba babu abin da zai shigo. Inshorar da aka saba yi wa abin hawa don titi ba ta ɗaukar abin da ya faru a filin tsere, saboda haka ka tambayi kamfaninka a rubuce, ka tabbatar iyalinka suna da inshorar lafiya, ka kuma ware kuɗin cefanen aƙalla wata uku da ba za a taɓa ba. Wanda bai iya tanadar wannan ba, lokacin shigarsa fili bai yi ba tukuna. Idan wani ya ce maka ai komai ƙaddara ce, ka tuna masa cewa an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Bayan ƙurar maganar kuɗi ta lafa, sai ka kawo wa matarka tayin da yake da nauyi a ɓangarenka: ka daina fitar gudun Lahadi a titi gaba ɗaya, ka koma ƙaramin babur, rarar kuɗin ta koma asusun sayen filin Ikorodu, kuma zuwa filin tsere ya zama sau ƙididdigagge a shekara wanda kuka amince da shi tare. Ka roƙe ta ku je na farko a matsayin 'yan kallo, kai ma ba tare da babur ba, ta ga taron bayani da masu tuta da motar asibiti da idonta, domin gani ya kori ji. Idan tafiyar ta yi mata nisa da ƙaramar yarinya, ka je da yayanta ko wani nata da ta yarda da maganarsa. Ka ba ta ikon cewa a dakata idan ta samu juna biyu ko kuɗi suka yi wuya, kuma ka cika alkawarin ranar da ta yi amfani da ikon. Idan duk da haka ta ce a'a, kada ka tafi a ɓoye. Ka ɗaga maganar zuwa wata shida, ka yi amfani da lokacin wajen koyon birki da juyi a hankali a fili mai shinge tare da wanda ya iya, ka bar ta ta ga Lahadi bayan Lahadi kana gida kana karyawa da su.

Hajiya mahaifiyarka kuwa, kada ka ɗauki "ban hana ka ba" a matsayin izini, domin ka san yadda iyayenmu mata suke magana. Ita babur a wurinta shi ne abin da ya fita da ƙaninta da safe aka dawo mata da gawarsa, kuma ta zauna a Agege ta ga 'ya'yan maƙwabta nawa aka kai asibitin ƙashi na Igbobi. Bayanin taya da tuta ba zai taɓa wannan ciwon ba. Ka je wurinta kai kaɗai, ka fara da gaya mata cewa ka bar gudun titi, domin wannan ne albishir ɗin da take jira, sannan ka ajiye hular da rigar fatar a gabanta ta taɓa su, ka faɗa mata sau nawa ne a shekara kuma su wa za ku tafi tare, ka roƙi addu'arta. Idan ta sa maka albarka da bakinta, ka kira ta da zarar ka sauka daga zagayen ƙarshe, tun kafin ka cire safar hannu. Idan kuma ta yi shiru ta kawar da kai, to ka fasa wannan karon, ka sake komawa bayan ta ga watannin da ka yi ba ka fita hanyar Epe ba. Ka rubuto mini bayan kun yi zaman kuɗin da matarka, in ji yadda kuka ƙare.